Wasiƙu biyu da na rubuta da hannuna

Daren wata Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya ta gota, ina gaban kwamfuta ina fama da wasiƙar shaida. Ɗalibata ce ta gama digirin digirgir a hannuna, tana neman gurbin bincike na shekara uku, kuma washegari da tsakar rana za a rufe karɓar takardu. Gajiya ta sa na ce bari in buɗe wadda na rubuta wa wani ɗalibina bara, in ari tsarinta in huta. Sai ga wasiƙun nan biyu gefe da gefe a kan allo, na yi zuru ina kallonsu.

Tasa shafi biyu ce cif. Tata da ƙyar ta cika ɗaya. A tasa na ce haziƙi ne, mai kaifin basira, ba ya tsoron tambayar da manya suke kauce wa, har na lissafa gwaje-gwaje uku da ya tsara da kansa. A tata na ce mai ƙwazo ce, mai ladabi, ba ta makara, kowa a ɗakin gwaje-gwaje yana jin daɗin zama da ita, tana kula da ƙananan ɗalibai kamar ƙannenta. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Amma wanda ya karanta sai ya ɗauka aikin reno nake nema mata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na tsallake. Yarinyar nan ita ta cece mu daga asarar aikin wata bakwai. Muna auna wasu sinadaran garkuwar jiki a jinin masu tarin fuka, sakamako yana ta rawa, yau sama gobe ƙasa, har na fara zargin na'urar. Ita ta zauna da littafin firiza, wanda kowa ke sa wa hannu in ya buɗe, ta bi 'yan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa waɗanda aka narkar aka sake daskararwa sau da yawa su ne ke ba mu lambobin banza. Ta sauya yadda muke raba jinin kaɗan-kaɗan tun ranar da aka ɗebo shi, don kada a narkar da kwalba ɗaya sau biyu. Ta maimaita awon, layi ya miƙe. Wannan shi ne tunanin mai bincike. Ni kuwa na naɗe shi duka cikin kalma biyu: "mai lura".

Kuma ni ce fa. Ni da ake gayyata taro in yi magana a kan yadda ake danne mata a fagen binciken lafiya.

Na san ba ni kaɗai ba ce, ko da yake sanin bai rage mini kunya ba. A 2003 Frances Trix da Carolyn Psenka sun tattara wasiƙun shaida sama da 300 da aka rubuta wa likitocin da suka sami aikin koyarwa a wata babbar makarantar likitanci a Amurka. Na mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da ɗan jirwayen shakku, kuma mace an fi cewa "koyarwarta", namiji "bincikensa". Na sha ambaton wannan aiki a lacca. Ashe kai ya haddace, hannu bai ji ba.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan zafi, na 2012, daga Jami'ar Yale. An aika wa malaman kimiyya 127 takardun wani ɗalibi mai neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takardun iri ɗaya ne sak, sai dai wasu an rubuta John a kai, wasu Jennifer. John ya fi samun maki a ƙwarewa, an fi son ɗaukarsa, an fi son koya masa aiki, aka yanka masa albashin da ya ɗan haura dala 30,000 a shekara, Jennifer kuwa wajen 26,500. Wurin da mutane ba su cika son a karanta da ƙarfi ba shi ne, malamai mata ma haka suka yi wa Jennifer. Duk ruwa ɗaya muka sha.

Na soma da laifina ne don na gaji da yadda ake ɗaukar maganar nan. Tun da na shiga wannan aiki, bitar da aka kai ni ba ta ƙirguwa: yadda za ki yarda da kanki, yadda za ki ɗaga murya a taro, yadda za ki nemi ƙarin albashi, yadda za ki raba lokaci tsakanin gida da aiki. Mu taru mata zalla a ɗaki, a raba mana takarda da biro, a koya mana tsayuwa. Kai ka ce cutar a maƙogwaronmu take. Waɗanda ke rubuta wasiƙu, masu raba ɗakuna da kuɗin bincike, masu zama a kwamitin ƙarin girma, ba wanda ya kira su bita.

In da rashin shiga ne matsalar, da tuni an gama. A Amurka tun 2017 mata suka zarce maza a cikin sababbin ɗaliban likitanci, amma a kujerar cikakken farfesa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mata su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya a duniya, amma kusan kashi 25 kawai na manyan muƙamai ke hannunsu. An daɗe ana cewa a yi haƙuri, masu tasowa za su iso. Sun taso, sun iso, ƙofar ce ba ta faɗaɗa ba.

Matar da ta fi koya mini yadda ake wannan faɗa, ban taɓa ganinta ido da ido ba. Nancy Hopkins masaniyar ƙwayoyin gado ce, ta yi shekaru tana farfesa a MIT, wata babbar jami'a a Amurka. A 1993 ta nemi a ƙara mata ɗan wuri don ta ajiye tankunan wasu ƙananan kifaye da take bincike da su, aka yi ta yi mata yawo da hankali, har aka ce ai wurinta bai gaza na kowa ba. Ba ta tsaya musu ba. Ta ɗauko tef ɗin awo, ta riƙa bin ɗakunan gwaje-gwajen ginin da dare tana aunawa, tana rubutawa. Lissafi ya nuna ita da take cikakkiyar farfesa, wurinta bai kai na maza ƙananan malamai ba. Da ta je ta sami sauran mata, sai kowacce ta ce ita ma ta ɗauka ita kaɗai ce. A tsangayar kimiyya a 1994 mata 15 ne ke da kujerar dindindin, maza 194. Kusan dukansu matan suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga shugaban tsangaya, aka kafa kwamiti, aka duba albashi, wuri, kayan aiki da lambobin yabo. Da rahoton ya fito a 1999, shugaban jami'ar, Charles Vest, ya amsa a rubuce cewa bambancin gaskiya ne. Tef ɗin nan yanzu yana gidan tarihin jami'ar.

Abin da ya burge ni shi ne, kuka ana iya cewa zuciya ce, amma mita ba ta da zuciya. Haka Christine Wennerås da Agnes Wold suka yi a Suwidin. Sai da suka je kotu kafin hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta ba su makin da masu tantancewa suka ba masu neman gurbin bincike na 1995. Mutum 114 suka nema, mata 52, maza 62. Gurbi 20 ne: maza suka kwashe 16, mata 4. Da suka gwada makin da yawan maƙalu da ingancinsu, suka ga sai mace ta yi ninki biyu da rabi na aikin namiji kafin a ba ta makin ƙwarewa daidai da nasa. Abu ɗaya da ke iya cike mata wannan giɓi shi ne ta san wani a cikin kwamitin. Wannan a Suwidin ke nan, ƙasar da ake buga misali da ita.

Sai ni ma na yi nawa awon, ba da tef ba, da takardar rabon aiki ta sashenmu. Na ja layi biyu. A ɗaya na jera ayyukan da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma: maƙala, kuɗin bincike, ɗaliban digirgir, gayyatar lacca. A ɗayan na jera waɗanda ba a ƙirgawa amma in babu su sashe ya tsaya: tsara jadawalin jarrabawa, rubuta bayanin taro, kwamitin walwalar ɗalibai, haɗa tulin takardu in masu duba ingancin makaranta za su zo, zama da ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yana kuka a ofis. Layi na biyu kusan duk sunayenmu ne. Ba wanda ya yi mugunta. Shugaban sashe yakan duba ɗaki ya ce, "Dakta, ke ce kika iya irin wannan, taimaka mana." Yabo ne, kuma tarko ne. In kin ƙi, ba ki da haɗin kai. In kin karɓa kin yi da kyau, baɗi ma naki ne.

Na kai takardar taron sashe, ban yi dogon jawabi ba, na ce a duba. Ɗaki ya yi tsit na ɗan lokaci, wani ya yi dariyar yaƙe ya ce ashe ana yi mana lissafi. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba: yanzu rubuta bayanin taro da jadawalin jarrabawa zagayawa suke bisa jerin sunaye, ba a neman mai sa kai. Amma wata abokiyar aikina ta sami yammacin Alhamis ɗinta ya dawo hannunta, kuma da shi ta ƙarasa maƙalar da ta shekara biyu a aljihun tebur.

Lokaci shi ne jarin mai bincike, ga likita kuwa abin ya fi tsanani, don ga marasa lafiya, ga aikin dare, ga ɗalibai. Shekarun da ake so mutum ya kafa ɗakin gwaje-gwajensa, ya ci kuɗin bincike na farko, su ne dai shekarun haihuwa da reno. Wani bincike na 2014 a kan matasan likitoci masu bincike a Amurka, waɗanda duk sun ci babban tallafin gwamnati, ya gano cewa a cikin masu aure da 'ya'ya, mata suna yin awa takwas da rabi a mako na aikin gida fiye da maza. Ranar aiki guda ke nan kowane mako. Ki tara ta shekara, ki ga maƙala nawa ce.

Na ga yadda wannan ke fitowa a kan tebur ranar da na fara zama a kwamitin ƙarin girma. Aka zo kan takardun wata likitar yara. Wani ya sa yatsa a kan jerin maƙalunta ya ce wa shugaban zama, "Ranka ya daɗe, akwai rami a nan. Shekara biyu babu ko ɗaya." Kawuna suka fara gyaɗawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin ramin nan akwai haihuwa biyu, kuma ta dawo ta tarar ita kaɗai ce babbar likita a ɗakin jarirai. A raba maƙalun da shekarun da ta yi a bakin aiki, a ga abin da zai fito." Aka raba, ta zarce biyu daga cikin waɗanda muka riga muka wuce da su. Ta samu, amma na fito raina a ɓace, don sa'a ce kawai ta sa akwai wanda ya san labarinta a ɗakin. Abin da ya dogara da sa'a ba tsari ba ne. Hukumar bincike ta Tarayyar Turai ta rubuta nata a doka: kowace haihuwa tana ƙara wa uwa wata 18 a wa'adin neman tallafinta, ba sai ta roƙi kowa ba. Sai dai a yi hattara da yadda ake rubuta irin wannan doka. Da aka bi diddigin manyan sassan nazarin tattalin arziki a jami'o'in Amurka, inda aka ƙara wa uwa da uba wa'adin neman kujerar dindindin daidai wa daida, maza ne suka ci ribar, don da yawansu sun yi rubutu ne da lokacin.

Kanada ma ta ba mu darasi ba da niyya ba. Hukumar binciken lafiyarta ta raba tallafi gida biyu: a ɗaya ana auna shawarar binciken, a ɗayan ana auna mai binciken. Da aka duba takardun nema kusan 24,000, sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 2019 ya nuna inda ake duba aikin, tazarar mata da maza wajen samun tallafin ba ta kai maki ɗaya cikin ɗari ba, inda ake duba mutum kuwa ta kai huɗu. Tun daga nan, in ina tantance takardu, shafin gwaji nake fara karantawa, tarihin mai nema ya zo daga baya.

Masu ba da shawara kuwa, na same su da yawa, Allah ya saka musu. Amma wanda ya ɗaga ni bai taɓa zaunar da ni ya yi mini nasiha ba. Wani dattijon farfesa ne, mai ƙarancin magana, ɗalibai na tsoronsa. An gayyace shi ya gabatar da aikinmu a wani babban taro, ya rubuta musu cewa ba zai zo ba, ga wadda ta yi aikin. Ya kira ni ofis.

"Dakta, fasfo ɗinki yana da rai?"

"Ranka ya daɗe, ai ban shirya wa irin wannan ba."

"Wa ya tambaye ki? Minti ashirin ne. Je ki haɗa."

Shi ne kuma, da muka zo fitar da maƙala ta uku, ya cire sunansa daga ƙarshe ya sa nawa. Wanda ba ya cikin harkar ba zai ga girman wannan ba. A maƙalar binciken lafiya, sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na mai ɗakin gwaje-gwajen, na tsakiya kuwa su ne ake haɗiyewa cikin "da sauransu". Mata da yawa sun tsufa a tsakiya. Mai shawara yana gaya miki hanya. Wannan dattijon sunana ya riƙa faɗa a ɗakunan da ba na ciki, ya jingina mutuncinsa da nawa. Maza suna yi wa juna haka kullum ba tare da sun ba abin suna ba.

Shi ya sa labarin Katalin Karikó yake ba ni haushi in na ji yadda ake ba da shi. An rage mata matsayi a Jami'ar Pennsylvania a 1995 don ta kasa samo kuɗin bincike a kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin jiki irin furotin da za su ƙera. Ta ci gaba, ita da Drew Weissman suka fitar da maƙalar 2005 da ta zama ginshiƙin rigakafin korona, ta koma kamfanin BioNTech a Jamus a 2013, ta karɓi kyautar Nobel a 2023. Sai a tara 'yan mata a ce kun gani, mai haƙuri yakan dafa dutse. To, wa ya ɗora mata dutsen? Ba na cewa don tana mace kaɗai aka yi mata haka, fagen nata ma ba a yarda da shi ba a lokacin. Amma darasin na masu riƙe da kujeru ne, ba na ɗalibai ba. Gerty Cori, mace ta farko da ta ci Nobel a likitanci, ta yi shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da mijinta a kan albashin da bai kama ƙafar nasa ba, ba a ba ta cikakkiyar farfesa ba sai 1947, shekarar da kyautar ta zo. Waɗannan su ne suka tsira har muka san sunansu.

Kuma asarar ba ta tsaya a kan masu neman kujera ba, tana isa gadon asibiti. Daga 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sa matan da ke iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin magani, sai 1993 aka janye, shekarar da doka ta wajabta sa mata a binciken da gwamnati ke biya. Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar, ita ta ƙaddamar da gagarumin binciken lafiyar mata a 1991. Maganin barcin nan zolpidem ya yi shekara ashirin a kasuwa kafin a 2013 a ce mata su riƙa shan rabin abin da ake ba su, don ya fi daɗewa a jininsu. Wanda ke zaune a teburin yana da hannu a irin tambayar da ake yi.

A daren nan dai na goge wasiƙar ɗalibata gaba ɗaya. Na fara da firiza. Na bayyana matsalar, yadda ta gano ta, abin da ta sauya, da abin da ya fito. Na rubuta cewa a cikin ɗaliban da na yaye tana cikin biyun farko, abin da na daɗe da sani amma ban taɓa sa shi a takarda ba. Ladabi da kirki na bar musu layi ɗaya a ƙarshe, kamar yadda na yi wa ɗalibin bara. Ta kai shafi biyu. Na aika ƙarfe biyu saura.

Barci bai zo ba, sai na buɗe jakar da nake tara tsofaffin wasiƙu a kwamfuta, na shiga karantawa daga ƙasa. Na iso kan wata da na rubuta shekara shida da suka wuce, ga wata ɗaliba mai hannu a aikin gwaji irin wanda ban cika gani ba. Ba ta sami gurbin ba. Ta sake nema sau ɗaya, daga nan ta bar bincike, kuma na tuna har na ce wa wata abokiyata, kayya, yarinyar nan ba ta da naci. Na ƙirga layukan wasiƙar. Goma sha huɗu ne, har da gaisuwa.